Sabil Ɗin da Na Raba a Kyoto

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Laraba a birnin Kyoto ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan riƙa tambayar jikokina sunayensu. Na yi ƙoƙarin mantawa, wallahi na yi. Amma mutumin da matarsa ta riga ta ba duk matan unguwarmu ta Shisha labarinsa, har da kwaikwayon murya, ba shi da sauran hanyar mantuwa. Gara in faɗa da bakina, ko na rage gishirin da ake ƙarawa.

Ni haifaffen Makka ne. Kakana ne ya taso daga ƙasar Kano a ƙafa, ya sauke farali, ya ce shi kam ya iso gida. Aikina shirya motocin alhazai a tashar Kudai, shekara ashirin da ɗoriya: wannan bas ya shige, wancan ya jira, Hajiya wannan ba motarku ba ce, Alhaji ina katinka. Saboda haka nake ɗaukar kaina a matsayin wanda ya san duniya. Gaskiyar magana ban taɓa wuce Jidda da Madina ba, in ban da sau ɗaya da aka kai ni Kano ina yaro. Amma a lissafina, tunda duniya ce take tasowa ta same ni duk shekara, to na gama saninta. (Ku riƙe wannan girman kan, za mu buƙace shi nan gaba.)

Babbar 'yata Jumana ce ta jawo tafiyar. Tun tana ƙarama ta kamu da son katun ɗin Japanawa, muna cewa za ta bari in ta girma, ashe abin tare suke girma. Shekara uku ta yi tana koyon Japananci ta intanet a wurin wata dattijuwa da ta yi ritaya daga koyarwa a Kyoto. Ni ban san fuskar matar ba, muryarta kawai nake ji ta bayan ƙofa kowace Asabar, siririya, a hankali. Da Jumana ta gama sakandare ta nemi gurbin karatu a can, sai aka ce dole sai da takardar shaida daga wani malami na ƙasar. Malama ta ce ita ba ta rubuta shaida a kan wanda ba ta taɓa zama da shi ido da ido ba. Mu zo da hutun bazara, mu ci abinci a gidanta, sannan ta rubuta. Takardar nan ita ce komai a wurin yarinyar. In babu ita babu gurbi, shekara ukun nan sun tafi ke nan.

Mamanta ta ce ita ba za ta zauna rabin yini a jirgi don ta je ta ci ɗanyen kifi ba. Sai rakiya ta faɗo kaina, ni kuwa murna kamar yaro ranar sallah. Na sayi sabon takalmi, na sayi hular rana mai faɗin baki, na sanar da kowa a Kudai har da waɗanda ba su tambaya ba.

A filin jirgin Jidda Jumana ta riƙe hannuna ta ce, "Baba, Allah yakhallik, abu ɗaya nake roƙonka. Kada ka yi mini fadiha."

(Hausar Jumana ta cikin gida ce, da zarar ta tsorata sai ta zame Larabci. Fadiha kuwa ba ƙaramin abin kunya ba ne, irin wanda ake yi a gaban 'yan kallo ne.)

Na ce, "Ke! Ni da nake fama da mutanen kowace ƙasa tun ba a haife ki ba?"

Ta ce, "Ba a ɗaga murya a jirgin ƙasa. Ba a ci ana tafiya. Ba a rungumar mutane. Kuma in ka ba mutum abu ya ce a'a, halas, ka ƙyale shi."

Wannan ta ƙarshen ce ta tsaya mini a rai. Wane irin gari ne za a ce a'a ɗaya ta wadatar? A gidanmu a'ar farko ai ladabi ce, ta biyu kunya, sai a ta uku ake fara maganar gaskiya. Amma na yi alkawari, na ɗora hannu a ƙirji.

Tokyo ta gigita ni. Da na ga taron da ke tsallaka wani babban titi lokaci ɗaya daga kusurwa huɗu, jikina ya shirya da kansa, na buɗe gwiwar hannu, na tura Jumana bayana yadda muke yi da tsofaffi a cunkoso. Muka shiga, muka fita, ko rigata ba wanda ya taɓa. Sai da na sa muka koma muka sake tsallakawa har sau uku don in gane dabarar, ban gane ba. A tasha kuwa na ga mutane sun yi layi a kan zanen da aka yi a ƙasa, ba ɗan sanda, ba mai usur, ba mai lasifika. Jirgi ya zo ya tsaya daidai kan zanen. Na kusa yin hawaye. Na ɗauki bidiyo na tura wa abokan aikina, na ce su kalla su ji kunya. Wani ya amsa cewa in kawo musu Japanawan su yi aikin hajji bana, mu huta.

Banɗakin otal kuwa sai da na kira Jumana ta zo ta gani. Na ɗauko buta tun daga Makka, na naɗe ta a cikin jallabiya kamar kayan gado, sai ga shi kujerar da kanta tana da ruwan tsarki, mai ɗumi, da maɓallin ƙarawa da na ragewa. Na ce mutanen nan saura ƙiris su musulunta. Ƙofar tasi tana buɗe kanta. Direban da fararen safar hannu. In ka sunkuya wa mai kanti ya sunkuya, ka ƙara ya ƙara, rannan ni da wani dattijo mai sayar da laima muka yi ta yi har Jumana ta ja ni waje. A Nara har barewa sunkuyawa take yi kafin ta ƙwace biskit. Osaka ce kaɗai na ji kamar gida, don a can na ji mutum ya yi dariya da ƙarfi a kasuwa, na juya in ga ko ɗan unguwarmu ne.

Abin da ya karya ni shi ne zafi. Kafin mu taso duk wanda ya ce mini Japan akwai zafi da bazara, dariya nake yi masa. Zafi? Ga ɗan Makka? Ashe namu zafin mai mutunci ne, ya gasa ka a bushe ka shiga inuwa ku rabu. Nasu kuwa jiƙa ka yake yi, ya bi ka har cikin inuwa. Kafin azahar rigata ta manne da baya, ga wasu ƙwari a kan bishiyoyi suna ƙara kamar injin markaɗe, ba sa hutawa. Hular rana mai faɗin baki ta koma jaka, na koma ɗora jiƙaƙƙen tawul a ka.

A cikin wannan zafin ne na gano wani abu da ya sa na ƙara son mutanen. A bakin tasha wata yarinya ta miƙo mini mafici kyauta. Gaba kaɗan wani ya miƙo tishu. Duk gidan abincin da muka zauna, kafin mu buɗe baki an kawo ruwan sanyi da tawul mai sanyi. Na ce, "Jumana, mutanen nan sun san sabil!" Ta ce talla ce, in duba rubutun da ke jikin maficin. Na ce ita yarinya ce, ba ta san alheri ba in ta gan shi.

Ga wanda bai taɓa zuwa garinmu ba, sabil shi ne abin da aka ajiye ko ake rabawa saboda Allah: ruwa, dabino, lemo, nono mai sanyi. Za ka ga firiji a ƙofar gida, ko katan a gefen titi ba mai tsaro. Ba ka tambayar na waye. Ka ɗauka, ka sha, ka yi wa mai shi addu'a, ka wuce. Yawanci don iyayen da suka rasu ake yi. Ni ma tun rasuwar mahaifiyata duk shekara nake cika bayan mota da ruwa in raba a hanyar Muzdalifa, ina kira da iyakar muryata. Kuma a wurinmu babu abin da ya kai a bar sabil ya yi zafi a rana ba a sha ba ciwo. In ka ga haka, ɗauka kake yi ka raba, ko ba naka ba ne, ka samu naka ladan.

To, ranar Laraba ta zo, ranar Malama. Ta ce mu same ta ƙarfe goma a ƙofar wani tsohon wurin bauta da ke unguwarsu, daga nan mu taka zuwa gidanta. Jumana ta rantse ta gaya mini dalilin haɗuwa a wurin, cewa makon ne suke ziyarar mamatansu. Ba na musu. Lokacin da take bayanin ina tura wa mutanen Kudai saƙon murya a kan jirgin nan mai gudun tsiya da ya kawo mu Kyoto.

Mun isa da wuri. Sai Jumana ta dubi tsarabar da muka kawo, kwalin dabinon ajwa na Madina, ta zaro ido. Wai a ƙasar nan ba a miƙa kyauta a cikin ledar kanti, sai an naɗe. Ta ce akwai shago a bayan tasha.

"Baba, tsaya nan. Minti sha biyar. Kada ka motsa."

Kalmomin da nake gaya wa alhazai ke nan kullum, kuma na san yadda nake zagin wanda ya motsa a cikin raina. Na tsaya minti huɗu. Rana ta sauko a kan tawul ɗina. A gabana ga babban zaure da gumakansu, mutane na shiga suna fita, na ce ni dai ba ruwana da can. Don tsare addinina sai na bi wata 'yar hanya ta gefe, in nemi inuwa a baya.

Sai na faɗa wani lambu mai kyan gaske. Dogayen duwatsu gogaggu a jere, masu sheƙi, da rubutu a jikinsu. Furanni sabbin yanka a gaban kowane. Turaren wuta na tashi. Can gefe ga famfo da bokitai na katako da ludaya a rataye, tsaf-tsaf. Kafin ku yi mini hukunci ku tuna abin da na sani. Kabari a garinmu fili ne, ƙasa da ɗan dutse, ba suna, ba fure, ba komai. Turaren wuta kuwa baƙo ake yi wa. Famfo da bokiti a jere, wurin alwala ne ko na shan ruwa. Duk abin da idona ya gani cewa yake yi marhaba.

A gaban wani dutse kuwa ga gora biyu na shayi mai sanyi, har raɓa na gangarowa a jikinsu. Ba kowa a wurin. Na duba gaba, ga wata gorar a gaban wani dutsen. Ga gwangwanin lemo can. Ga wasu 'yan kofunan gilashi masu murfi, cike da ruwa garai-garai.

Na ce Allahu akbar. Ga Jumana da cewa talla ce.

Na buɗe gora ɗaya na kafa kai. Koren shayi ne, ba sukari ko ƙwaya, amma sanyinsa ya sauka har tafin ƙafata. Na ɗaga hannu na ce Allah ya saka wa mai wannan sabil da alheri, ya ƙara masa buɗi. Sannan ma'aikacin da ke cikina ya farka. Na tsaya ina kallon wurin ina girgiza kai. Mutanen nan sun iya jirgin ƙasa, amma ba su iya sabil ba. Wa zai ajiye abin sha ɗaya nan ɗaya can, a bayan gini, inda masu ƙishi ba sa gani? Ga jama'a can bakin ƙofa suna narkewa. Nan da rabin awa duk zai yi zafi, ladan bayin Allah ya tafi a banza. Na ji tausayinsu ƙwarai.

Sai na buɗe laimar nan da na saya a Tokyo, na kifa ta, na bi layi-layi ina tsinta. Na yi aikin da tsari, ban tsallake dutse ko ɗaya ba a layi biyun farko. Na rungumo laima na fito bakin ƙofa, na gyara tsayuwa.

Ban ɗaga murya sosai ba, na tuna alkawari. Da farko. "Sabil, sabil," a hankali. Wasu Turawa biyu masu jakar goyo suka karɓa suna murna. Wani ma'aikaci mai gyaran titi ya ƙi, ya sake ƙi, a ta uku na danƙa masa kofin gilashi a hannu, ya dube shi, ya dube ni, ya sunkuya ya tafi yana waiwaye. Hannu ya faɗa, murya ta buɗe. "Sabil ya hajj! Moya barid!" Wato ruwan sanyi, da bakin mutanen Makka. Ina jin kaina kamar a hanyar Muzdalifa. Har ina tunanin yadda zan ba da labari a Kudai, cewa na je Japan na koya musu aiki.

Sai ga wata 'yar tsohuwa ta fito ta hanyar da na fito. Gajeriya, da hula da takunkumin fuska, riƙe da bokitin katako cike da ruwa. Tana tafiya tana dube-dube kamar wadda ta yar da wani abu. Ta tsaya a gabana. Ta dubi laima. Na ga tsohuwa da kaya a wannan rana, zuciyata ta karye. Na zaɓo mata gorar da ta fi sanyi, 'yar'uwar wadda na sha.

"Tafaddali, Hajiya."

Ba ta karɓa ba. Ta ɗan ɗaga hannu.

"Haba Hajiya, sabil ne. Sha."

Ta ja da baya taku ɗaya. A'a ta biyu ke nan, kunya. Na karɓe bokitin daga hannunta na ajiye, na kama hannun na sa mata gorar, na naɗe yatsunta a kai da nawa hannun, ina murmushi.

A daidai nan na ji muryar Jumana a bayana tana gaisuwa da Japananci, muryar nan tata ta ranar Asabar. Na juya na gan ta sunkuye, kwalin dabino naɗe cikin takarda mai furanni. Ta ɗago tana fara'a. Ta dubi tsohuwar, ta dubi gorar da ke hannunta, ta dubi laimata. Ina kallo fara'ar ta zube.

"Baba, daga ina ka samo waɗannan?"

"Sabil ne, can baya. Ba su iya rabawa ba ne, shi ne na…"

"Baba. Maƙabarta ce."

"Wace maƙabarta?"

"Kaburbura ne! Na mamatansu ne, su suka ajiye musu!" Ta leƙa cikin laimar, ta ɗauko kofin gilashi ɗaya da ya rage, ta karanta jikinsa, ta rufe ido. "Kuma wannan ba moya ba ce. Giya ce."

Jama'a, ni, haifaffen Makka, jikan mutumin da ya taka daga Kano don ya sauke farali, na tsaya a bakin titi na raba giya fi sabilillahi. Har da tilastawa.

"Wannan kuma," in ji Jumana, "ita ce Malama."

Na nemi ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna su waye a cikin ƙasar da abin da na yi musu. Laimar na hannuna, na rasa inda zan ajiye ta. Jumana ta sunkuya har kanta ya kusa taɓa gwiwa, tana magana ba tsayawa, hawaye na ɗiga a kan takardar dabino. Ni ma na sunkuya, tawul ya faɗo daga kaina ya faɗa cikin bokitin Malama.

Malama ta jira Jumana ta gama. Sannan ta yi tambaya ɗaya, a hankali. Jumana ta juyo ba ta kalle ni ba.

"Tana tambaya, me kake kira ɗazu."

Na ce ta gaya mata komai, kada ta rage. Na yi bayanin sabil, da firijin ƙofar gida, da mahaifiyata, da bayan motar da nake cikawa duk shekara. Na ce mu masu rai muke shayarwa don ladan ya isa ga mamaci, ban san akwai inda ake ajiye wa mamacin kai tsaye ba. Na ce na sha gora ɗaya, kuma ga dukkan alamu ta maigidanta ce. Jumana tana kuka tana fassarawa, jimla bayan jimla. Sau biyu ta tsaya neman kalma, ta share ido, ta samo, ta ci gaba.

Malama ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ɓata fuska ba. Da ma rabin fuskar a rufe take. Ta tsamo tawul ɗina daga bokiti, ta matse, ta miƙo mini. Sannan ta juya, muka bi ta.

Ta kai mu wurin mai kula da wurin, na ba da haƙuri da baki da kai da duk gaɓar da ke lanƙwasuwa. Muka je na'urar sayar da abin sha a bakin titi na sayo madadin abin da na rabar. (Na giyar kam, Malama ta ce in bari, za ta ji da shi. Wannan ne karo na farko da na ga kamar idonta ya motsa.) Matsalar ita ce ban san wanne na ɗauko daga ina ba. Ita ta sani. Ta san mutanen layin nan biyu kamar maƙwabta: wannan kofi yake sha, waccan lemon kwalba take so tun tana raye. Ni ina riƙe da kaya a baya, ita tana mayar wa kowa nasa. Na gaya wa kaina cewa kayan mutane nake mayarwa, kuma har yau a kan haka nake.

Da muka zo kan dutsen maigidanta ta wanke shi da ruwan bokiti, muna tsaye daga nesa. Da ta gama ta faɗi wani abu ba ta juyo ba. Jumana ta ce, "Wai shekara shida tana kawo masa gora biyu, ta zauna kaɗan, sannan ta koma da su gida ta shanye ita kaɗai. Tana tambaya ko ya yi sanyi yadda ya kamata."

Na ce, "Sanyi kam akwai. Sukari ne babu."

Jumana ta dube ni, kallon da ban taɓa gani a idonta ba. Amma ta fassara. Malama ta gyaɗa kai kawai.

Muka ci abinci a gidanta. Ta dafa kifi da kayan lambu, ta kula da duk abin da ba ma ci, ta karɓi dabino da hannu biyu. Ladabi ko ta ina, har ya yi mini yawa. A garinmu in ka yi wa mutum laifi za ka gani a fuskarsa, ya yi faɗa, a shiga tsakani, a sha shayi. Nan kuwa ban san ko an yafe mini ba ko an gama da ni. Maganar takarda ba ta taso ba, mu kuma ba mu da bakin tambaya.

Jumana ba ta yi mini magana a jirgin ƙasa ba. Ba ta yi a jirgin sama ba, in ban da "fasfo" da "ga kujerarka". Mamanta ta tarbe mu a Shisha, ta ji labari, ta yi dariya har ta zauna a ƙasan kicin, sannan ta ga fuskar 'yarta ta daina. Mako uku ƙofar ɗakin nan a rufe. Ranar Asabar na tsaya a bayanta ban ji muryar kowa ba. Tsiyar mutanen Kudai ba ta dame ni ba, don na saba. Abin da ya hana ni sukuni shi ne yarinya ta roƙe ni abu ɗaya tak, na ɗora hannu a ƙirji, kuma na rushe mata aikin shekara uku saboda ƙishin minti huɗu. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, kuma na ji tsoro.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar na dawo daga aiki na tarar da ita zaune a falo da waya a hannu. Ta ce Malama ta aika wa makarantar takarda, ta kuma turo mata kwafi. Shafi biyu. Ta ce akwai wurin da ya shafe ni, ta karanta da Japananci, sannan ta juya mini da Hausa, a hankali:

"Na ga wannan ɗaliba a ranar da ta fi kowace rana wuya a gare ta. Tana kuka, amma ta fassara maganar mahaifinta duka, ba ta rage ba, ba ta gyara don ta kare kanta ba, har da abin da ya ce game da shayina. Na haɗu da mahaifin. Wadda ta iya tsayawa a tsakanina da shi za ta iya tsayawa a ko'ina."

Na ce, "To wannan yabo ne ko zagi?"

Ta ce, "Nawa yabo ne, Baba." Sai dariya ta ƙwace mata, ta farko tun Kyoto, ta kifa kai a kafaɗata tana yi tana dukan hannuna.

An ba ta gurbin. Da hannuna na ɗaure mata akwati, kuma ranar da na dawo daga rakiyarta filin jirgi sai da na tsayar da mota a gefen hanyar Jidda na yi kukana ni kaɗai. Ina ji ina gani, shirmena ne ya ƙarasa buɗe mata ƙofar da ta raba ni da ita.

Darasin da na koya bai da yawa, amma da tsada na saye shi. In ka je garin mutane ka ga abin sha a ajiye ba mai tsaro, kada ka yi saurin cewa na Allah ne. Dubi ƙasa tukuna. Wataƙila mai shi yana nan kwance, bai dai da halin hana ka ne.